Ana neman akanta, amma ba irinmu ba

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai dare in an kawo wuta.

Shekaranjiya muna cikin keke daga Farin Gada za mu Terminus, wata ƙanwarmu da ke aji uku a sashen akanta ta jefo mini tambaya. Ta ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, kwas ɗin nan namu akwai aiki kuwa? A gida kullum cewa ake akanta ba ya kwana da yunwa, amma ni duk na gaba da mu da na sani, daga mai POS sai mai koyar da lissafi a makarantar kuɗi." Na buɗe baki zan ba ta amsar da muka saba ba ƙanne, wato ki dai dage ki fito da sakamako mai kyau, Allah na nan. Sai na ji bakina ya yi nauyi, don ni ɗin da ake tambaya na fito da sakamako mai kyau, kuma ga ni ina lissafin ko canjin aljihuna zai kai mu mu biyu. Na ce mata zan rubuta. To ga shi.

Akwai aiki. Ana neman akanta a ƙasar nan ruwa a jallo. Matsalar ita ce, mutumin da ake nema da mutumin da ake yayewa duk shekara ba mutum ɗaya ba ne. Mu masu kwalin akanta mun yi yawa kamar jamfa a Jos, amma wanda za a miƙa wa littafin kuɗi a juya baya hankali kwance, shi ne ya yi ƙaranci. Ni kaina sai da na sha wuya kafin na gane haka, kuma ba a aji na gane ba, a Dilimi na gane.

Na shiga jami'a da lissafin shekara huɗu, na fito bayan shida. Korona ta ci nata, yajin aikin 2020 ya ɗauki wajen wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas cif, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kafin in gama bautar ƙasa na haura ashirin da shida. Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin ɗaukar sababbin masu digiri a manyan kamfanoni ya san ma'anar wannan lambar. Da yawansu a nan wajen suke yanke shekaru, kuma kwamfuta ce ke tace ka tun kafin ɗan Adam ya ga sunanka. Wannan kam ba laifina ba ne, kuma na daɗe ina fakewa da shi.

Wanda yake laifina shi ne na Abuja. Wani kamfanin rarraba kaya ya kira ni intabiyu, na ari kwat, na hau motar asuba. Na kwana ina haddace ma'anoni. Da na shiga, matar da ke tantancewar ba ta tambaye ni ma'anar komai ba. Ta turo mini kwamfuta, ta ce ga takardar shige da ficen kuɗi daga banki ta wata guda, ga kuma littafin kuɗinmu na watan, akwai bambanci a tsakaninsu, ka nemo mini shi, na ba ka minti talatin. Wallahi na san abin da ake nufi. Na taɓa cin maki sha takwas cikin ashirin a kan wannan darasin, da biro da takarda, da layi goma sha biyu da lakcara ya tsara su tsaf don su daidaita. Nan kuwa layi ne ya fi ɗari shida a Excel, ni ko yadda ake jera su daga ƙarami zuwa babba ban sani ba. Na fara bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan gilashi. Da lokaci ya cika ta dube ni, ba da wulakanci ba, ta ce ku bakwai na gani yau, mutum ɗaya ne ya iya. A mota na dawo ban yi magana da kowa ba har Akwanga.

Me na yi bayan nan? Na je na koyi Excel? A'a. Na sayi fom ɗin mastas.

Ku yi haƙuri abokan karatuna, zan tona mana asiri kaɗan. Da yawanmu da ke digiri na biyu ba don kishin bincike muka dawo ba. Rumfa ce muka samu muka fake. In an tambaye ka a wurin ɗaurin aure "ina ake yanzu?" ka ce ina mastas, sai a ce masha Allah, a ƙyale ka. Ya fi a ce kana gida. Ba ina raina karatun ba ne, ina jin daɗinsa, kuma wanda ke son koyarwa a jami'a ko kwalejin kimiyya ba shi da wata hanya sai ita. Amma ku buɗe tallan neman akanta guda goma na wuraren da ke biyan albashin kirki, ku ƙirga nawa suka ce sai mai digiri na biyu, nawa kuma suka ce sai mai ICAN ko ANAN ko ACCA, ko wanda ya yi nisa a jarrabawarsu. Ku ƙirga da kanku, kada ku ɗauki maganata. A wannan sana'ar, hatimi ake tambaya kafin kwali na biyu. Mai mastas da ba shi da hatimi ba zai sa hannu a kan rahoton binciken kuɗin kamfani ba, ko da shi ya fi kowa maki a ajinsu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne mu 'yan Jos abin yana ƙofar gidanmu. ICAN dai tun 1965 aka kafa ta da doka, kuma tushenta Legas ne, shi ya sa tun asali 'yan Kudu suka yi mana fintinkau a cikinta. Akintola Williams, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104, ya zama ƙwararren akanta tun 1949, lokacin da kakanninmu da yawa ke dakon ƙasa a ramin kuza a Bukuru, akawu na rubuta sunayensu. Amma ANAN, da aka kafa a 1979 ta kuma samu amincewar doka a 1993, kwalejin horar da akantocinta a nan Filato take, a Kwall, cikin ƙaramar hukumar Bassa. Mutane na tasowa daga Kalaba da Sakkwato da Maiduguri su kama haya su yi kwas ɗin. Ni da aka haifa a garin nan sai da na kai aji huɗu kafin na san ma hanyar. Na san akwai masu gardamar wacce ta fi wacce, kuma gaskiya manyan kamfanoni masu zaman kansu sun fi sabawa da ICAN da ACCA, ANAN kuma ta fi ƙarfi a aikin gwamnati. Wannan gardama ce ta waɗanda suka riƙe ɗaya. Mu da ba mu da ko ɗaya ba mu da bakin magana tukuna.

Kuɗi fa? Na sani. Kuɗin rajista, kuɗin kowace takarda, kuɗin darasi, sannan in ka faɗi ka sake biya. Ba wasa ba ne. Amma ni da na zauna na haɗa abin da na kashe a mastas, daga kuɗin makaranta zuwa buga takardu zuwa keke, sai na ga ashe ba rashin kuɗi ne ya hana ni ba, zaɓi na yi. ICAN na jarrabawa sau biyu a shekara aƙalla, mai digirin akanta yawanci ana yafe masa matakin farko, kuma akwai tsarin ATS da ɗalibi zai iya farawa tun yana aji ɗaya. Babu wanda ya gaya mini. Shi ya sa nake gaya muku.

Yanzu wuraren da muka saba kallo. Manyan kamfanonin binciken kuɗi huɗu, Deloitte da KPMG da PwC da EY, suna ɗaukar mutane, amma cibiyarsu Legas ce sai reshe a Abuja, kuma ƙofar ƙarama ce. Bankuna, tun da CBN ya ce a Maris ɗin 2024 su ƙara jari, naira biliyan 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa, suna buƙatar masu sanin dokoki da auna haɗari, amma aikin da ake ba sabon shiga yawanci kwantiragi ne ta hannun wani kamfani, a ba ka adadin asusun da za ka buɗo a wata, kuma ko tarihi ka karanta za a ɗauke ka. Ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Yola da Damaturu sun ɗauki 'yan uwanmu da yawa a sashen kuɗi, sai ga Amurka ta tsuke bakin aljihun tallafi a farkon 2025, wasu suka dawo gida. Gwamnati kuwa, wadda ita ce mafarkin kowane ɗan Arewa da na iyayensa, kun fi ni sanin yadda ake samun takardar ɗaukar aikinta. Buƙatar tana nan, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa zuwa musu kai tsaye. Amma buƙata daban, a buɗe ƙofa daban. Kada mu gina rayuwa a kan jira.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ofis mai takardar albashi suke ba. Suna kasuwa, suna gona, suna gareji. To mu da muka karanta lissafin kuɗi, me ya sa dukkanmu muke layi a ƙofar ƙasa da kashi 10, alhali kuɗin da ke buƙatar lissafi yana wancan ɓangaren?

Nan Dilimi ta shigo.

Akwai wani dattijo abokin mahaifina, Baba Alhaji muke ce masa, yana sayar da kayan gyaran keke napep da babur da janareta. Ya fi shekara talatin a harkar. Yana sayo kaya daga Nnewi da Legas, wani lokaci Kano, yana ba masu gyara da ƙananan 'yan kasuwa daga Mangu, Saminaka, Toro, har Lafiya. Gab da azumin bara ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Kai ne aka ce ka karanta lissafi har ka koma kana ƙarawa? To zakka zan fitar, yaran nan kowa da abin da yake gaya mini. Zo ka ƙirga mini abin da na mallaka."

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Kwana tara muka yi.

Littattafansa guda biyar ne, irin mai bango mai tauri ɗin nan. Ɗaya da ajami, da hannunsa. Biyu da boko, da hannun yara daban-daban da suka yi zaman shagon suka tafi. Sauran biyun bashi ne zalla, wani an soke, wani an soke an sake rubutawa, wani an rubuta "mai jan hula na Mangu" babu suna babu lamba. Kuɗi kuma na shigowa ta hanya huɗu: tsaba a aljihun tebur, na'urar POS, asusun Baba na kansa, da asusun babban yaron shago, don tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 wasu abokan ciniki suka saba tura masa, ba a kuma hana ba. Daga aljihun teburin nan ake cefane, ake biyan kuɗin makarantar jikoki, ake ba mai bara, ake gudummawar biki. Babu wanda ke sata, ku fahimce ni. Kawai dai babu wanda ya san gaskiyar lamarin, har shi mai dukiyar.

Kada wani ya ce jahilci ne. Baba ya san farashin kaya fiye da dubu a kansa. Da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, bai jira wani farfesa ya koya masa cewa ba a sayar da kaya a kan farashin da aka saye su ba, a kan farashin da za a sake sayo su ake sayarwa. Kullum da safe sai ya buga waya ya ji yadda kasuwa ta kwana kafin ya buɗe baki. Abin da mu muka yi zango guda muna zane a allo a kansa, shi a jininsa yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne bashi. Da na zauna na jera basussukan nan a kwamfuta, kowane da ranar da aka karɓa, na raba su: na ƙasa da wata ɗaya, na wata uku, na wata shida, na sama da shekara. Sai ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinsa yana hannun mutane, kuma mafi yawansa ya haura wata shida. Na ce, "Baba, mutumin nan da ya ɗauki katan goma bara, in ya biya yau cif-cif yadda kuka yi, katan nawa kuɗin zai sayo?" Ya yi shiru yana lissafi da carbi a hannu. Ya ce, "Shida. Da ƙyar." Na ce to huɗun nan kyauta kuka ba shi, kuma ba a rubuta muku ladan sadaka ba tun da ba ku yi niyya ba. Ya yi dariya har da tari, sannan ya daina dariyar. Ya ce, "Shi ya sa nake ganin ciniki na tafiya, kanta na ramewa."

Wallahi 'yan uwa, a duk shekarun da na yi ina karatu, ranar ce ta farko da na ji ilimina ya taɓa rayuwar wani. Kuma abin da na yi ba komai ba ne, darasin aji biyu ne. Excel ɗin da ya kunyata ni a Abuja, a kan bencin shagon nan na koye shi, da YouTube da datar dare, saboda yanzu akwai dalili.

Muka ƙirga kaya, muka ware bashin da ake sa ran biya da wanda ya mutu, muka cire wanda ake bin sa, ya kai wa malaminsa lissafin ya tabbatar masa da yadda zai fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Bayan salla ya sake kira na. Yanzu duk Asabar ina shagon. Maƙwabcinsa ya gani ya ce shi ma. Na uku ɗan Anambra ne da ke layin baya, shi yana da littafi tsaf amma yana son a mayar masa da shi kwamfuta, don banki sun ce sai ya kawo lissafin shekara biyu kafin su saurare shi.

Ku tsaya a layin Dilimi da hantsi ku duba hagu da dama. Ku gangara Katako wajen 'yan hatsi da 'yan katako, ku je Farin Gada ku ga motocin tumatir da kabeji da dankali da ake lodawa zuwa Kudu, ku leƙa 'Yan Taya. Miliyoyi ke juyawa kullum. Shago nawa ne a ciki mai shi zai iya gaya maka ribarsa ta bara? Kuma mu mutanen garin nan mun san abin da rashin rubutu ke jawowa. Da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, ba kaya kaɗai suka ƙone ba, har da littattafan bashi, kuma akwai gidajen da ba su sake miƙewa ba. Haka in mai shago ya rasu. Sau nawa muka ga an zo rabon gado, 'ya'yan wannan ɗaki na zargin na wancan ɗaki, masu bin bashi sun fito da yawa, waɗanda ake bi kuwa sun yi ɓatan dabo? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Muna karanta ta a tafsiri duk azumi, mu koma shago mu ce "ai akwai yarda".

Ga kuma haraji ya zo ya ƙara wa abin nauyi. Kun tuna ƙurar da aka yi a ƙarshen 2024 kan ƙudurorin gyaran haraji, har gwamnonin Arewa suka fito suka ƙi tsarin rabon VAT. Mun yi ta zage-zage a Facebook, ni ma na yi, kuma ina rantsuwa ko shafi goma ban karanta ba a lokacin. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin guda huɗu, aka sa 1 ga Janairun 2026 ranar fara aiki, FIRS ta koma NRS. VAT na nan a 7.5. Naira dubu 800 na farko da mutum ke samu a shekara babu haraji a kansu, ƙananan kamfanoni kuma an ɗauke musu harajin kamfani. To amma yafiyar nan ba da baki ake karɓarta ba. Ta yaya za ka nuna kai ƙarami ne in ba ka da lissafi? Ta yaya za ka nuna miliyan ashirin ɗin da ta bi ta asusunka ba riba ba ce, kuɗin kaya ne suka shiga suka fita? Ɗan kasuwar da ba shi da littafi, jami'in haraji ne zai kimanta masa, kuma ba a taɓa jin mai kimantawa ya yi kuskure ta wajen ragi ba. A da kuɗi na cikin buhu, babu mai gani. Yanzu kowace tiransifa tana barin sawu. 'Yan kasuwarmu sun fara jin tsoro, kuma mai jin tsoro yana neman wanda ya san hanya. In ba mu muka tsaya musu ba, wani zai zo daga wani wuri ya tsaya, ya caje su yadda ya ga dama, kamar yadda aka yi lokacin da aka tilasta wa masu POS rajista da CAC a 2024, yara masu kwamfuta a bakin titi suka kwashi rabonsu muna kallo.

Kada in yi muku daɗin baki. Abin yana da wuya, kuma ba zai ɗauke kowa ba.

Ɗan kasuwar Bahaushe ba ya son a san abin da ya mallaka. Yana tsoron baki, yana tsoron 'yan uwa masu roƙo, yanzu ga tsoron masu garkuwa da mutane, kuma wannan tsoron gaskiya ne. Baba bai kira ni don kwalina ba, ya kira ni don ya san mahaifina ya san gidanmu. Ranar farko ya ce mini, "Abin da ka gani a nan, ko babanka kada ya ji." Ko wannan rubutun sai da na karanta masa, ya ce in cire adadin kuɗi, na cire. Jarin wannan aikin amana ce, kuma sau ɗaya ake fasa ta. Ka yi hira da lissafin mutum ɗaya a majalisa, layin gaba ɗaya ya rufe maka.

Yaran shago ma ba za su yi murna da kai ba, ko da masu gaskiya ne, don kowa na ƙin a sa masa ido. Wata biyu babban yaron Baba bai amsa gaisuwata da kyau ba. Sai da ya ga lissafin ya wanke shi daga wani zargi da aka daɗe ana yi masa a ɓoye, sannan ya fara saya mini shayi.

Biyan kuma, a farko "ga wannan ka sha ruwa" ne. Sai da na cire kunya na ce Baba a yanka mini wani abu duk wata. Abin da nake samu a shago uku bai kai albashin banki ba, amma ya wuce alawin bautar ƙasa, a kwana ɗaya zuwa biyu na mako, kuma daga ciki nake tara kuɗin jarrabawar hatimi. Sannan ku sani, dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin ɗaukar odita. Wato abin da kasuwar nan ke nema ba mai kwat da zai zo sau ɗaya a shekara ya buga hatimi ba ne, mai zama a benci ne ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In girman kai ba zai bar ka ka zauna kusa da baƙin mai ba, wannan hanyar ba taka ba ce.

Wani abokina ya ce mini ai manhajoji za su cinye aikin nan, yanzu ma na'urar POS na ba ka jimillar cinikin rana. Haka ne, tarawa da ɗebewa sun tafi, kuma Allah raka taki gona. Amma manhaja ba za ta gaya wa Baba cewa surukinsa ne ya fi kowa riƙe masa kuɗi ba, ta kuma san yadda za ta faɗa ba tare da an raba zumunci ba. Ba za ta san "mai jan hula na Mangu" ba.

Masu gudun aikin banki saboda kuɗin ruwa, ina girmama matsayinku, amma kada ya zama dalilin zama. Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya na fitar da sukuk tun 2017 ana gina hanyoyi da shi, kuma BUK na da cibiya guda ta koyar da wannan fannin. Wanda ya haɗa akanta da sanin fiƙihun ciniki yana da abin da 'yan Legas da yawa ba su da shi. Mu ne muka yi Islamiyya, mu ne kuma muke barin kujerun.

'Yan uwa mata kuma, ku ne ma kuka fi mu dama a wani ɓangaren. Matan da ke sayar da atamfa da turare da kayan kicin ta WhatsApp daga cikin gida, masu adashe na miliyoyi, masu makarantun Islamiyya da na boko a Unguwar Rogo da Rikkos da Gangare, ba za su buɗe wa namiji littafinsu ba. Ke za su buɗe wa. Aiki ne da aure ba ya hana shi, kwamfuta ɗaya da waya sun isa.

Ba ina cewa a daina neman Abuja ba. Ni ma ban daina ba. Bambancin shi ne, watan jiya da na sake zuwa wata intabiyu aka ce in ba da misalin matsalar da na taɓa warwarewa, ban karanto ma'ana ba. Na ba su labarin asusu huɗu da littafi biyar. Mutumin ya ajiye biro ya saurare ni har na gama. Ba su kira ni ba tukuna, wataƙila ma ba za su kira ba, amma na fito ɗakin da ƙafafuna.

Asabar mai zuwa za mu ƙirga kaya a shagon ɗan Anambran nan, kuma ya yarda in zo da mutum biyu su taya ni. Babu ko sisi, sai masa da shayi, amma za ku ga yadda ake ɗaukar kaya daga kanta zuwa takarda zuwa kwamfuta. Ƙarfe bakwai na safe, kafin layin ya cika. Wanda ke so ya yi mini magana ta akwatin saƙo, 'yan aji uku da huɗu na fi so. A zo da tsofaffin kaya, baƙin mai ba ya fita a wanki. Ƙanwata ta cikin keke, ke ce ta farko in an yarda a gida.